Hanyar da Ba Ta Cin Ƙafa

Tun da muka dawo nake shan tambaya. A masallaci, a bakin makaranta, wurin mai shayi, har a waya daga 'yan uwa na Abeshe da na Maiduguri: "Metir, wai yaya aka yi?" Wasu tsakani da Allah suke tambaya. Wasu sun riga sun ji, so suke su ga yadda zan iya fitar da shi da bakina. Na gaji da cewa sai godiya, don haka ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Sunana Hamisu, ina koyarwa a wata firamare a unguwar Habbena cikin Njamena, shi ya sa ake ce min Metir, wato malam da Faransanci. Abokin tafiyata Yaya Ilu ne, maɗinkin huluna a Amrigebe, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Kakanninmu tare suka baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, suka iso Njamena guzuri ya ƙare, suka ce bari a ɗan huta. Har yau hutawar muke yi.

Yaya Ilu ido ɗaya gare shi, na dama. Ƙyanda ta tafi da na hagu tun yana goye. Da wannan ɗayan yake zura zare a allura, da shi yake ciyar da mutum bakwai. Mu goma sha uku ne masu kekunan tsere a ƙungiyarmu, tsofaffin kekunan gwanjo, duk Lahadi da sassafe mu hau gudron, wato kwalta, mu nufi Mandeliya mu dawo. Shekara takwas ina tafiya a hagunsa. In babur ya ɓullo ta wajen, ko rami, ko akuya, sai in ce "Hagu!" shi kuma ya kauce. Ba wanda ya ɗora min aikin, haka kawai ya zama nawa.

Yana da ƙanwa da ke aure a Pus, cikin Kamaru, ya daɗe bai sa ta a ido ba. Shi ya kawo shawarar mu je a keke in an yi mana hutun makaranta: mu haye gada zuwa Kusiri, mu bi gaɓar kogin Logon ta Logon Birni da Zina har Pus, mu wuce Yagwa, mu tsallako Bongor, mu dawo gida a kan gudron. Kwana shida muka yanke. Ya ce, "Kai ne mai boko, kai za ka zaɓa mana taya. Ni nawa allura da zare."

Na kai kekunan biyu wurin Usta Adum, mai gyara mana kekuna a unguwar Butalbagar. Da na faɗa masa hanyar, sai ya shiga cikin shago ya fito da tayoyi huɗu masu kauri, faɗin milimita talatin da biyu, masu 'yan haƙora a gefe. Ya ce da Larabci, "Waɗannan za ka sa. Ka rage musu iska in kun shiga yashi."

Na juya su a hannu, raina bai so ba. Nauyi gare su, kuma a ido sun yi kama da na keken mai tallan gawayi. Ni kuwa na yi wata guda ina karanta bayanan taya a waya da Faransanci, na ƙoshi da ilimi har ina gyatsa. A jikin bango na hango 'yan sirara, ashirin da biyar, baƙaƙe sumul, irin na masu tseren da muke gani a talabijin. Na ce ai rabin tafiyar gudron ne, daga Bongor zuwa gida waɗannan masu kaurin za su sha mana ƙarfi.

"Sai kun kai Bongor tukuna," in ji Usta. "Metir, wannan siririyar ma yanfa, ba ta da amfani a can. Akwai ƙaya, akwai ramla." Ramla yashi ke nan.

"Ka taɓa bin hanyar?"

"Ban taɓa ba."

Nan na samu ƙofa. Na ce bari in tambayi wanda ya sani. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Manu, ya yi shekara talatin yana kora shanu ta wannan gaɓar. Na same shi a kasuwar shanu yana zaune a kan buzu, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, hanyar Logon Birni zuwa Pus, kun san ta?"

"Kamar tafin hannuna."

"Tana cin ƙafa?"

"Wa? Waccan? Ko kaɗan ba ta cin ƙafa. Sau nawa na bi ta, ban taɓa barin ko ɗaya a hanya ba. Ta gudron ɗin nan ce mai cin ƙafa, ta Bongor. Ita ce muguwa."

Na tuna ramukan hanyar Bongor, na gyaɗa kai na ce wallahi haka ne. Na koma wurin Usta ina tafiyar wanda ya ci gardama. Ya ɗaura mana 'yan siraran, ya ce kalas, wato shi ke nan, bai ƙara kallona ba.

Ranar tashi na je ɗaukar Yaya Ilu bayan sallar asuba. Matarsa, Yaya Talatu, ta leƙo daga zaure ta miƙo mana ƙunshin kilishi da dabino. Ta bari ya juya yana ɗaure jaka, ta rage murya ta ce, "Metir, Baban Sadiya ido ɗaya gare shi. Duk gidan nan da shi muke gani."

Na ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Na bincika hanyar."

Gadar Ngeli da safe kasuwa ce mai tafiya. 'Yan kilando, masu babur na haya, suna ta kutse, mata da tulin kaya a ka, ga guragu a kekunansu na hannu sun labto sukari da sabulu har ba a ganin kansu. Ɗayansu ya jero da mu, ya dubi tayata, ya ce da Hausa tsantsa, "Alhaji, wannan taya ce ko igiyar shanya?" Yaya Ilu ya yi dariya har kekensa na kaɗawa. Jami'an iyaka ba su wahalar da mu ba. Sun duba katinmu, ɗaya ya ɗaga kekena da yatsa biyu yana mamakin rashin nauyinsa, ya tambayi ina muka nufa. Da na ce Pus ta bakin kogi, ya matsa tayar da babban yatsa, ya dubi abokin aikinsa, ya ce mana bon kuraj, wato Allah ya ba mu juriya. A lokacin na ɗauka yabo ne.

Kusiri gida ce da aka ɗan karkata. Kuɗin ɗaya, shayin ɗaya, sai dai Hausarsu Fulatanci ya fi shiga cikinta fiye da Larabci, kuma burodinsu ya fi namu laushi. Mun karya a tsaye muka wuce. Ba mu yi nisa da gari ba gudron ya ƙare.

Da farko jan burji ne mai tudu-tudu a jere kamar haƙarƙarin saniya. Siririyar taya dole a cika ta da iska tam, in ba haka ba ƙarfen ƙafar ya cije tiyub. To a cike ɗin, duk tudu sai ya taso maka ta hannu ya fita ta haƙori. Bayan burjin muka shiga baƙar laka da ta bushe. Da damina wurin nan ruwa ne, shanu dubbai sun bi ta kansa yana ɗanye, kowane kofato ya bar rami mai kaifin baki, rana ta gasa shi. A nan na yi facin farko, huji biyu a jere. Na rage iska, ta sake cizawa. Na ƙara iska, tsidau ya shige ta kamar allura a atamfa. Kafin la'asar mun yi faci bakwai, huɗu nawa, uku nasa.

Shi ko a jikinsa. Duk lokacin da na zauna da gam da famfo sai ya ce, "Metir, yau dai kai ne maɗinkin, ni ne mai jiran kaya." Da wani kaifin laka ya tsaga gefen tayarsa ta baya, ya cire baƙin tabaran da yake kare ido da shi ya ajiye a ƙasa, ya fito da allura da zaren hula, ya zura a karo ɗaya, ya ɗinke tsagar da ɗinki mai kyau har da ɗan ado. Muna cikin yaba aikin, kekena da na jingina da wani kututture ya zame ya faɗa kan tabaran. Ya ɗaga ɓaraguzan ya duba, ya ce dama sun tsufa.

Mun shiga Logon Birni gab da magariba, tafiyar da na lissafa za mu gama kafin azahar. Muka yi abin da kowane Bahaushe ke yi a baƙon gari, muka tambayi gidan mahauta. Aka kai mu wurin Malam Sale, wani dattijo siriri wanda shi ma kakansa hutawa ya tsaya yi. Ya karɓe mu kamar ya san da zuwanmu. Garin na ƙabilar Kotoko ne, kuma Kotoko kifi ne safe, kifi rana, kifi dare. Malam Sale ya ce shi mahauci ne na ranar kasuwa kawai, akuya ɗaya tak, sauran kwanakin shi ma kifin yake ci yana istigfari. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar kifi, aka tura mana kawunan gabanmu. A gidanmu baƙo hanta da tsoka ake ba shi, kai na yara ne. A nan kan kifi shi ne girmamawa. Yaya Ilu ya tsotse nasa tas, ya ja nawa.

Da safe yana bayan gida yana wanka, ni ina tsakar gida ina duba tayoyi. Malam Sale ya tsaya a kaina ya ce, "Wai wa ya ce muku ku biyo nan da waɗannan?"

Na ce kawuna ne, mai fataucin shanu, ya tabbatar min hanyar ba ta cin ƙafa.

"Ai gaskiya ya faɗa," in ji shi. "Ba ta ci. Daga nan zuwa Zina laka ce da yashi, babu tsakuwa, babu kwalta. Kofato na son ta. Ko saniya mai ciki lafiya take kaiwa."

Sai a nan na gane. Ni ƙafar keke nake nufi, Kawu ƙafar saniya. Shekara arba'in ina jin mutanen gidanmu suna cewa hanya kaza tana cin ƙafa, hanya kaza ba ta ci, kuma ban taɓa jin sun faɗa a kan wani abu mai taya ba. Har ya ce min gudron ne mugu, na gyaɗa kai. Ba Kawu ne ya ruɗe ni ba, amsar da nake so na je nema, na same ta.

"Ku koma," Malam Sale ya ce. "Jiya wasa kuka gani. Ku bar kekunan nan, ranar kasuwa akwai mota."

Yaya Ilu ya fito yana goge kai da rawani. "Me Malam yake cewa?"

Wannan ita ce gaɓar da masu tambaya ba su sani ba, kuma saboda ita na zauna rubutun nan. Na hango kaina ina tura keke a gadar Ngeli kwana ɗaya da tafiya. Na hango fuskar Usta Adum, da 'yan ƙungiya ranar Lahadi. Na ce, "Cewa yake gaba ta fi sauƙi."

Malam Sale ya dube ni. Baƙonsa ne ni, bai ƙaryata ni a gaban yayana ba. Ya shiga ɗaki ya fito da busasshen kifi ya ƙulla mana, ya raka mu bakin gari.

Kwana na biyu ba ni da abin dariyar da zan ba ku. Fili ne shimfiɗe, babu inuwa sai jefi-jefi, mu hau kaɗan mu tura da yawa. In mun shiga yashi siririyar tayar sai ta nutse ta yanka shi, keken ya tsaya cak ko ya watsar da mutum gefe. Dabara ɗaya ce, ka taho da gudu ka ratsa kafin ya kama ka. Wajen azahar muka ratsa wani ƙauye da babu rufi ko ɗaya, bangaye baƙi ƙirin, tukwane a fashe. Rigimar masunta da makiyaya Larabawa ce ta bi ta kansa. A ƙauye na gaba muka yi sallama da Larabci yadda muka saba a gida, sai maza suka miƙe tsaye, mata suka ja yara ciki. Wani ya tambaya da Fulatanci, su wane ne mu? Da Yaya Ilu ya ce Hausawa, masu keke, sai aka sauke numfashi, wata tsohuwa ta kawo ruwa a ƙwarya. Daga nan muka ajiye Larabcinmu a aljihu. A Njamena da shi ake sayen gishiri, a can yana iya sa a kashe ka.

Mun kwana a ajin wata makaranta. Malamin, wani dogon Bamusgu, da ya ji ni ma metir ne ya haɗa mana bencuna ya kawo dafaffiyar shinkafa da man kifi. Da safe na ƙirga abin da ya rage: faci biyu, gam ya kusa ƙarewa, tiyub na ajiya babu. Yaya Ilu ya ga ina ƙirgawa. Ya ce, "Sauƙin da Malam Sale ya ce, yau za mu same shi in sha Allahu." Na ce in sha Allahu.

Kafin hantsi facin biyu sun tafi. Da tayata ta baya ta sake sacewa, na cusa mata busasshiyar ciyawa na ci gaba da turawa. Can gaba muka hango ruga, an kewaye garken da shingen farar ƙaya, hanyar ta bi ta gefensa cikin yashi. Yaya Ilu ya ce bari ya yi gaba ya roƙa mana nono da inuwa, in same shi. Tayoyinsa na da iska, ya gaji da tafiyar ƙasa. Na ce to.

Ina kallonsa ya tashi tsaye a kan feda yana tara gudu don ya ratsa yashin. Ina kallo wani ɗan maraƙi ya fito daga ciyawa ta hagunsa. Na yi ihu, "Hagu! Hagu!" amma na yi nisa, iska kuma tana fuskata. Sai da maraƙin ya zo gabansa ya gan shi. Ya karya kan keken dama, tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya, shi bai tsaya ba. Da fuska ya shiga shingen.

Na jefar da keke na ruga. Na same shi ya riga ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, jini kaɗan ne a kumatu da goshi. Har na fara cewa alhamdu lillahi. Ya ce, "Hamisu, zo ka duba min." Tun da na fara koyarwa bai kira sunana ba sai ran nan.

Na durƙusa. Ƙaya ta shiga baƙin idonsa na dama ta karye a ciki, wani ruwa mai yauƙi yana bin gefen hancinsa.

"Me ka gani?"

"'Yar ƙaya ce."

"Ni ban ga komai ba," ya ce.

Mutanen rugar sun yi mana iyakar ƙoƙarinsu. Wani dattijo ya fito da matsefata zai cire, na riƙe hannunsa na roƙe shi da Allah ya bari. Na kifa ƙaramin kofin shayi a kan idon na ɗaure da rawani, abin da na tuna ke nan daga littafin 'yan aji shida. Waya ba ta kamawa. Babur ɗaya ne a rugar, kuma mai shi ya tafi kasuwa. Sai bayan la'asar aka samo amalanken shanu, muka bar kekunan a wurinsu. Shanun suka bi yashin nan tiɓis-tiɓis hankali kwance, ko ɗingishi babu.

Mun kai bakin kogi duhu ya fara, masu kwalekwale sun tashi, dole muka jira safiya. Da gari ya waye idon ya kumbura har yana tura kofin, jikinsa ya yi zafi. Wani masunci ya tsallakar da mu, ya ƙi karɓar ko sisi. A wancan gefen ƙasarmu ce, babu jami'i babu tuta, sai wani tsoho mai gyaran raga da ya ce mana sannu. Aka nemo kilando biyu. Na sa aka ɗaure Yaya Ilu da mai babur ɗin da rawanina don kada ya faɗo. Duk ramin da suka faɗa ina jin numfashinsa daga inda nake, amma bai yi ƙara ba ko sau ɗaya. Da muka fito gudron muka zauna a gindin wata bishiya har wata motar awaki ta tsaya. A cikinta, tsakanin awakin, ya tambaye ni ko hular da ya ɗinka wa mijin ƙanwarsa tana cikin jaka. Na ce tana nan. Ya ce in kula kada awaki su ci.

Ana kiran magariba muka shiga asibiti a Njamena. Likitan ya kwance rawanin, ya haska, ya ce yaushe abin ya faru? Na ce jiya da hantsi. Ya ɗan rufe idonsa, ya ce a shirya ɗakin aiki. Sun cire ƙayar, sun yi iya yinsu, amma ciwo ya riga ya shiga ciki. Sati na farko yana bambance haske da duhu. Sati na uku ko wannan babu.

Kawu Manu ya zo dubiya da ƙwaryar nono. A waje na ba shi labarin ƙafa da ƙafa. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗan nan, ai da ka ce min keke." Ya share ido da bakin rawani. Mutane da yawa sun ba ni haƙuri, sun ce ƙaddara ce, wasu sun ce ko talatin da biyun ce yashin nan zai iya kayar da shi. Mai yiwuwa. Na yarda da ƙaddara kamar kowa. Amma ƙaddara ba ta ce gaba ta fi sauƙi ba, ni na faɗa.

Ranar da za a sallame shi na faɗa masa. Yaya Talatu na zaune a bakin gado tana ninke kaya, ban jira ta fita ba, don na san in na jira ba zan faɗa ba. Na faɗi na Usta, na faɗi na Kawu, na faɗi abin da Malam Sale ya ce da abin da na mayar da shi. Ta ajiye zanen da ke hannunta ta fita.

Can ya ce, "Da ka faɗa min, wataƙila in ce mu ci gaba. Na ƙosa in ga yarinyar nan ta Pus." Ya gyara kwanciya. "Amma da ni na faɗa."

Bai ƙara tayar da maganar ba har yau. Yaya Talatu tana amsa gaisuwata, lafiya lau, daga nan ba ƙari. Babbar 'yarsu ta bar makaranta ta zauna a kan hulunan da ya bari rabi, 'yan ƙungiya kuma kowa na kai abin da ya samu. Ni ma ina kaiwa, ana karɓa, ba ya rage min komai.

Bayan wata guda yaran Kawu suka biyo da kekunan. Nawa ya yi sati uku a jingine kafin in iya kai shi Butalbagar. Usta Adum bai ce ai na faɗa maka ba, da ma ya faɗa ya fi min sauƙi. Ya shiga ciki ya ɗauko masu kaurin ya ɗaura.

'Yan ƙungiya sun canja hanya, yanzu duk Lahadi ta ƙofar gidansa suke bi. Ana fito masa da benci ya zauna, yana jin ƙarar kowane keke yana kiran mai shi: wannan Musa ne, sarƙarka na son mai, wannan Abakar ne. Ba ya kuskure. Lahadin da ta wuce na bi su, ina can baya. Ya kira kowa, suka amsa suka wuce. Da na zo daidai shi sai ya karkata kai.

"Wa ke nan? Ban san wannan tayar ba."

Na iya wucewa, ba zai taɓa sani ba. Na taka birki na sauka. "Ni ne, Yaya."

"Kawo ta nan."

Na tura keken gabansa. Ya lalubo tayar gaba, ya bi ta da yatsu a hankali yadda yake bin ɗinki, ya taɓa 'yan haƙoran gefen, ya matsa da babban yatsa.

"Talatin da biyu."

"Ita ce."

"Ta yi," ya ce. Ya goge hannunsa a riga, ya ɗago fuska wajen da yake zaton nake tsaye. Ya kuskure ni da kamu ɗaya. Bangon maƙwabcinsa ya ce wa, "Je ka, Metir, sun yi nisa."